Ƙafar da Baba Ya Ɗora

Mahaifina mai ɗori ne. Har yanzu haka nake faɗa, domin yana nan da ransa, kuma na ji an ce ko a inda suka kulle shi ba ya rasa mai targaɗen da zai murza wa ƙafa. Shekara goma kotu ta yanke masa bisa laifin taimaka wa 'yan ta'adda. Ya haura saba'in a duniya. Wanda ya iya lissafi ya yi, ni dai na gaji da yin sa.

Ƙauyenmu yana can bayan Mahuta, inda gonakin masara suke ƙarewa daji ya fara. Ni ce 'yar fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana tun ban san kaina ba. Aure ya kawo ni Funtuwa, ina koyarwa a wata firamare, amma a zauren gidanmu na yi wayo, cikin ƙamshin man shanu da ihun manyan maza. Wanda bai taɓa ganin ƙato mai gemu yana kiran uwarsa ba, ya zo ranar da ake ja masa ƙashi. Kayan aikin Baba ba su da yawa: karan dawa da ya fere, wankakkun tsummoki, man shanu a ƙoƙo, sai addu'ar da yake tofawa. Zai riƙa shafa wurin yana yi wa mutum hirar tsadar taki, kafin mutum ya ba shi amsa ya ji ƙas, an wuce wurin. Ba ya yanka wa kowa kuɗi. Kaza ɗaya ce al'adar gidan, wanda ba shi da ita ya kawo goro, wanda ba shi da goro ya yi godiya ya kama hanya.

Sana'ar gado ce, kuma da sharaɗi biyu kakanmu ya damƙa masa ita. Na farko, ba a korar mai karaya, ba a kuma tambayarsa inda ya samo ta. Na biyu, hannun da ya ɗaura shi ke dubawa, shi ke kwancewa. Ɗori ba aikin rana ɗaya ba ne. Sai an koma in kumburi ya sauka an sake matse karan, an duba ko ƙashin ya zame, har ranar da za a kwance a ce wa mutum taka. Baba ya yi imani, irin imanin da ba a gardama da shi, cewa ranar da mai ɗori ya watsar da ɗorinsa a rabi, albarkar ta bar hannunsa, kuma karkatacciyar ƙafar nan za ta tsaya ta yi ƙararsa gobe ƙiyama.

Saboda wannan sharaɗi na biyu babu ƙauyen da kekensa bai sani ba. Akwai wani Bamaguje daga wajen Kafur da ya zo cin kasuwa ya faɗo daga kan motar hatsi, aka kawo shi zaurenmu a amalanke. Da ya ɗan ji sauƙi sai ya sulale ya koma gida, don damina ta kama, gona ba ta jira. Baba ya shiga motar kasuwa har Malumfashi, ya ari keke ya bi shi, ya iske shi yana jan ƙafa a kan kunya da fartanya a hannu. Ya yi masa tatas a gaban matansa, ya zaunar da shi ya gyara ɗorin. Da ya dawo, Inna, mahaifiyata, ta ce ko'ina a duniya maras lafiya ke neman mai magani, ban da gidan nan. Muka yi ta dariya.

Sannan 'yan bindiga suka cika dajin da ke bayanmu. Da shanu suka fara, suka koma kan mutane, daga baya suka zama su ne hukuma: sai an biya su a yi shuka, sai an biya su a yi girbi. Gonar fadamar da ta ciyar da mu ta koma hanyar baburansu. Na sha roƙon Baba su dawo Funtuwa shi da Inna, ga ɗaki a gidanmu. Ya ce in ya tashi, wanda ya karye ya je ina?

Wata safiya da damina yana huɗar masara a gonar bayan gari, babura biyu suka tsaya a kansa, kowa da bindiga a rataye. Har da gaishe shi. Suka ce maigidansu ya faɗi da babur a kwazazzabo, ƙwaurinsa ya karye, ana kiran Baba. Kira ne irin wanda ba a ce wa sai gobe. Suka ɗaure masa ido da rawaninsa suka tafi da shi, fartanyarsa tana nan a kafe inda ya bar ta. Washegari da hantsi suka ajiye shi a wurin da suka ɗauke shi, da kaza a hannu. Sun miƙa masa kuɗi ya ƙi, sun ce a kama masa rago ya ƙi, ya ce kaza ce al'ada. Inna ta ce kazar sata ba za ta shiga tukunyarta ba, ta kore ta da tsintsiya ta bi gari.

Na zo a ranar, na yi kuka, na yi wa Allah godiya. Garin kakaf ya zo barka da arziki. Na koma Funtuwa ina cewa an rabu da Bukar.

Bayan kamar mako guda Inna ta kira ni a waya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Tsohon naki ya koma."

"Sun sake zuwa?"

"Ba wanda ya zo. Kekenshi ya hau."

Ashe tuƙa kekensa ya yi har bakin daji, inda masu gadinsu suke zama, ya ce musu ya zo duba ƙafa. Su kansu, in ji shi, sai da suka tsaya kallon juna. Da gari ya waye na shigo motar farko, na iske shi a zaure yana fere kara kamar wanda ya dawo daga ɗaurin aure.

"Baba, mi ya kai ka?"

"Kumburi ya sauka, Uwata. In ba a matse karan ba ƙashin zamewa zai yi."

"To ya zame mana! Ya zame ya ruɓe! Ba su ne suka raba ka da fadama ba? Ba su ne suka maida matan mutane zawarawa ba?"

"Su ne. Allah shi isar muna. Amma ni na ɗaura."

"Da bindiga a kanka ka ɗaura."

"Da bindiga ko ba bindiga, hannuna ne. Ke kin taɓa ganin na bar ɗori a hanya?"

Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar. Na ce masa kakanmu da ya kafa sharaɗin nan bai san bindiga mai jigida ba, a zamaninsa mugun gari shi ne ɓarawon akuya. Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da girman Allah. Ya bar ni na gama, ya ce in shiga ciki in ci abinci. Hali zanen dutse, na san ruwa nake zubawa a kwando.

Kada wani ya ce a ɓoye ya yi. Kafin ya koma sai da ya je ya gaya wa mai gari, mai gari ya ce Allah ya tsare, ya kuma ƙara da cewa in ya ga fuska ya sa baki a bar mutane su sa taki lafiya. Haka kuwa aka yi. Muddin ƙafar mutumin nan tana hannun Baba, ko akuya ba a taɓa ba a garinmu. Mata suka koma ɗebo itace har fadama. Da kunnena na ji dattawa a ƙofar masallaci suna cewa, "Malam, Allah shi ƙara ma hannu albarka." Na riƙe fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau ban manta ko guda ba.

A fitowarsa ta uku 'yan sintirin wani gari maƙwabcinmu suka tare shi a bakin daji, da ragowar kara a ɗaure bayan keke. Mutane ne da aka kashe wa 'yan'uwa, ba su tsaya jin bayani ba. Suka doke shi har yatsunsa biyu na hagu suka karye, sannan suka miƙa shi ga jami'an tsaro da sunan sun kamo likitan 'yan bindiga. Yatsun nan a karkace suka warke, domin mai ɗori ba ya ɗora kansa da hannu ɗaya. Watanni muka yi ni da mijina muna bin ofisoshi, wannan ya tura mu can, wancan ya ce bai taɓa jin labari ba, kafin muka san ko a wane gari yake.

Muna cikin wannan yawo kaka ta yi, zaman lafiyar aro ya ƙare. 'Yan bindiga suka faɗa wa masu karyar masara da rana tsaka, suka kashe mutum uku. A cikinsu akwai ɗan maƙwabciyarmu, wadda muke kira Gwaggo ko da yake katanga ce kawai ta haɗa mu. Shi kaɗai gare ta namiji, amaryarsa ko lallen biki bai gama goge mata ba. Waɗanda suka tsira suka ce sun ga maigidan 'yan bindigar da kansa a tsaye bisa ƙafafunsa. Ko shi ne ko ba shi ba ne, Allah masani. Muka shiga ta'aziyya ni da Inna, ɗaki cike da mata. Gwaggo ta ɗago ta dubi Inna, ba ihu ba zagi, ta ce, "Da mijinki ya bar shi kwance, da ɗana shina nan."

Inna ta sunkuyar da kai. Har yau ba ni da amsar matar nan, kuma duk wanda ya ce yana da ita ƙarya yake. Daga ranar garin ya juya mana baya. Waɗanda suka yi wa hannun Baba addu'a jiya suka fara cewa dama tun farko su ba su yarda da tafiyar nan ba.

Da lokacin shari'a ya matso aka ba shi lauya, wani matashi mai haƙuri da ya gaji tun kafin ya fara. Aka bar mu muka gan shi tare. Baba ya rame, gemunsa ya yi fari fat, amma bakin nan yana nan. Lauyan ya yi masa bayani dalla-dalla: wanda aka kai da bindiga yana da abin faɗa a gaban alƙali, wanda ya kai kansa ba shi da shi. Ya ce duk shari'ar a kan tafiya ta biyu da ta uku take.

Sannan ya tambaye shi, "Baba, sau nawa suka zo suka ɗauke ka?"

"Sau ɗaya."

Lauyan ya dube ni, ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗakin. Ni na gane, kuma ban ji kunya ba. Na ce, "Baba, ka ce duka ukun su suka zo. Wa ya gani? Wa zai ƙaryata ka?"

"In dafa Alƙur'ani in ce sun zo, alhali ba su zo ba?"

"To ka ce tsoro ya maida ka. Ka ce ka ji tsoron in ba ka koma ba za su ƙone gari. Ai wannan ba ƙarya ba ce, kowa ya san za su iya."

Ya tsaya auna maganar, har na fara sa rai. Sannan ya ce, "Za su iya. Amma ni ba shi ya maida ni ba, Uwata. Ƙashin na ji ma tsoro."

Da abin ya gagara ta nan, lauyan ya ce in nemo shaidu, mutanen da za su gaya wa kotu cewa garin ya san da tafiyar, kuma ga irin mutumin da ake magana a kai. Na koma ƙauye na bi gida-gida. Mai gari ya ce hawan jininsa ya tashi, ba ya iya doguwar mota. Liman ya ce zai sa mu a addu'a. Wani da Baba ya ɗora wa cinya har ya yi wata biyu yana cin tuwon Inna, da ya hango ni sai ya shige bayan rumbu da gudu, a kan cinyar. Ban ga laifinsu duka ba, kowa na tsoron ya je shaida a riƙe shi. Amma ban ga laifi ba daban, na yafe daban.

Mutum ɗaya ne ya zo, kuma ba ni na nemo shi ba. Bamagujen nan na Kafur ya ji labari a kasuwar Malumfashi, ya yi ta tambaya har ya gano gidana a Funtuwa. Ya tsufa shi ma. Ya ce ko ina ne kotun zai je. Ranar na yi kukan da ban yi a gaban mutanen garinmu ba.

Kotun babba ce, a birni, da fanka da sanyi da mutane masu baƙaƙen riguna. Komai da Turanci ake yi, tafinta yana tsinto mana abin da ya ga dama. Aka kira Bamagujen, aka ba shi ƙarfe ya rantse irin ta addininsa. Bai jira tambaya ba ya naɗe wando ya nuna wa alƙali ƙwaurinsa, ya buga ƙafar a ƙasa don a ji. Ya ba da labarin guduwarsa da yadda aka biyo shi har gona. Ya ce, "Ranka shi daɗe, wanga mutum ko ka gudu sai shi biyo ka. Ba mai aiko shi, ba mai tilasta shi. Shi da kanshi yake zuwa."

Lauyan gwamnati ya miƙe a hankali, ya roƙi shaida ya maimaita maganarsa ta ƙarshe. Bawan Allah ya maimaita da ƙarfi, yana alfahari, yana duban Baba yana murmushi. Na ga lauyanmu ya rufe ido. Mutumin da ya fi kowa son mahaifina a ɗakin nan shi ya ƙarasa musu aikin, kuma har ya koma Kafur bai sani ba. Ban gaya masa ba, na sa shi a mota na yi masa godiya.

Abin da ya rage bai ɗauki lokaci ba. Aka tambayi Baba ko ya san wanda ya yi wa ɗori. Ya ce ya sani. Wa ya kai shi karo na biyu? Ya ce kekensa. An ba shi wani abu? Ya ce kaza. Aka yi dariya, har da masu gadi, amma an rubuta, kazar da Inna ta kora da tsintsiya ta zama ladan aiki. Ya kai rahoto ga hukuma? Ya ce ya gaya wa mai gari. Ina mai garin? Yana gida da hawan jininsa.

Ranar hukunci ba shi kaɗai ba ne. An jera su: mai kai burodi, mai sayar musu da fetur a jarka, wata mata da aka kama da harsasai a cikin buhun gari. Ba zan yi wa mai harsasai kuka ba, ta san abin da take ɗauke da shi, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma na duba layin nan daga farko har ƙarshe ban ga mutum ɗaya da ya taɓa ɗana kunamar bindiga ba. An bar jaki ana dukan taiki. Alƙalin ba mugu ba ne, ban ga ƙiyayya a fuskarsa ba, da ma na gani da na samu wanda zan tsana. Ya daɗe yana karatu, tafinta ya dunƙule mana shi a jimla biyu: duk wanda ya yi wa ɗan ta'adda magani da son ransa ya taimaki ta'addanci, kuma an duba tsufansa an sassauta, shekara goma. Baba ya rusuna ya ce, "Godiya nake, ranka shi daɗe." Wannan godiyar ta fi hukuncin ƙona mini rai.

Inna ba ta sake zama a ƙauye ba, na dawo da ita wurina. Ba ta maganar, sai dai kullum in an kwashe tuwo sai ta ware malmala ɗaya ta rufe, da safe a ba yara. Zauren gidanmu kuwa an kulle. Yanzu in mutum ya karye a garin sai a ɗauko shi har Funtuwa bisa babur, yana ihu a kowane rami. Ban ce na ji daɗi ba, ban kuma ce na ji tausayi ba.

Ba a rufa shekara biyu ba aka ce za a yi sulhu da 'yan bindigar dajinmu. Aka sa rana, aka kafa rumfa a wani fili a bakin hanya, aka jera kujerun roba. Mijina ya ce ba wurin mata ba ne. Na ce ni ma ba sulhu zan je yi ba, kallo zan je. Na tsaya can baya cikin masu tallar gyaɗa. Manya suka iso da motocinsu, sannan mutanen daji suka fito a kan babura, kowannensu da bindigarsa, ba wanda ya ce su ajiye. Wata tsohuwa 'yar garinmu ta taɓa ni, ta nuna da haɓa, ta ce, "Ga na tsohonki can, mai jan rawani."

Ban kalli fuskarsa ba, ƙafafunsa na kalla. Ya sauko daga babur ya tako har gaban rumfa, tafiya sumul, ko alamar ɗingishi babu. Manya suka miƙe suka ba shi hannu. Aka ba shi abin magana ya daɗe yana lissafa zaluncin da aka yi musu, aka tafa, aka yi addu'a, aka raba lemo. Mai garinmu yana sahun gaba, hawan jinin ya sauka. Gwaggo ba ta zo ba, an ce ta rufe ɗakinta tun safe.

Da aka watse na kutsa na tare ɗaya daga cikin manyan da suka shirya taron, yana shirin shiga mota. Na gaishe shi, na ce Alhaji, tunda an yafe wa mai ƙafar, yaya batun wanda ya ɗora ta? Ya saurare ni da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce, "Hajiya, wannan sulhu ne. Na mahaifinki kuwa maganar kotu ce, an riga an yanke, ba mu da hannu a ciki. Sai haƙuri." Ya rufe ƙofa, direba ya ja.

Ƙarshen watan na je ziyara gidan yarin, da dambu da ƙuli-ƙuli kamar yadda na saba. Tun daga Funtuwa nake shirya maganar a cikin mota. So nake ya ji abin da na ji. So nake sau ɗaya a rayuwarsa ya ce ya yi kuskure, ko ya zagi wani, ko ya yi kuka, in san ba ni kaɗai ke ɗauke da wutar nan ba. Aka fito da shi yana takawa a hankali, ya ƙara tsufa, idonsa ɗaya ya fara yin yana. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi yara, ya tambayi ruwan bana. Sannan na kwashe labarin sulhu kaf na gaya masa, rumfar da kujerun da lemon da tafin, da mai gari a sahun gaba, da abin da Alhajin ya ce mini a bakin mota. Ban rage komai ba, har gishiri na ƙara.

Ya saurara har na gama. Sai ya matso kusa, ya rage murya.

"Kin gan shi da idonki, shina tahiya?"

"Na gan shi."

"Shina ɗingishi?"

Na dube shi. Da na ce yana yi, wataƙila da na samu abin da na zo nema. Amma 'yarsa ce ni, bakina ya ƙi.

"Ba ya yi, Baba. Garau yake takawa."

Fuskar tsohon nan ta washe, irin washewar da ban gani ba tun kafin a kama shi. Ya shafa gemu ya ce, "Alhamdu lillahi. Kullum abin na raina. Ban samu na kwance da hannuna ba, na ɗauka ya karkace."

Na juye masa dambun a kwanonsa, na tattara nawa, na yi masa sallama tun lokacin ziyara bai cika ba. Wata mai zuwa zan koma, da wanda ke bayansa, har ranar da za su ba ni shi, a tsaye ko a kwance, domin ubana ne. Amma ban yafe wa kowa ba a cikin maganar nan, har shi.